Kak Ka Bar Shi Tsaye

Duk unguwar Banifandou ta Yamai an san kunnen Illo tela ya yi nauyi, shi kaɗai ne labarin bai kai wa ba. Shekara arba'in ya yi cikin ƙarar keken ɗinki a shagonsa na Zongo, kuma da ya ajiye almakashi ya dawo gida ya zauna, sai ya tarar duniya ta lalace. Ladan ya rage murya, jikoki sun koyi magana ciki-ciki, rediyoyin yanzu duk na banza ne. In ka ce masa ya je likita a duba shi, sai ya ce shi da yake jin faɗuwar allura a kan siminti? Ya taɓa ji ɗin, ba ƙarya ya yi ba, amma tun 'yarsu ta fari tana goye.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne matarsa, Kadi. Shekara biyu ke nan, a ganinsa, ba ta yi masa magana sai da tsawa. "Malam, abinci!" "Malam, an kira salla!" "Malam, ka bar famfo buɗe!" Shi ke nan hirarsu. Da can akwai wani suna da take kiransa da shi in ta kawo masa kunun safe, sunan da ko 'ya'yansu ba su sani ba. Yanzu sai ta ajiye kofin, ta ɗan tsaya a kansa, ta juya ta fita. Bai taɓa tambayarta dalili ba, don Illo mutum ne da zai gwammace ya haɗiye allura da ya tambayi mace me ya yi mata. Amma abin yana damunsa ƙwarai.

Sunan ya samo asali ne daga jirgi. Suna da ƙuruciya, lokacin da suke haya a wani ɗaki ɗaya a Tondibia, ƙauyen bakin Yamai, Illo ya je Parakou ta ƙasar Benin saro yadi, ya ga jirgin ƙasa da idonsa. Ya dawo Yamai ya hana kowa sakat. Wata shida ana cin tuwo da labarin jirgi, yadda yake huci, yadda ƙasa take rawa, da wani mai farar hula da ake kira shef da gar, wanda in bai ɗaga hannu ba jirgi ba ya motsi. Ran nan Kadi ta je kasuwar Katako neman murhu, sai ta dawo da wani tsohon kwali. A ciki akwai ɗan kan jirgi baƙi da bai fi tafin hannu ba, da taragai uku, da layin dogo gutsi-gutsi, da taransifo, akwatin ba shi wuta, mai abin murɗawa. Ta dire masa a gaba ta ce, "Ga jirginka, Shef, sai ka bar mu mu huta."

Ba su huta ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan Ɗan Baƙi, haka yake kiransa, yana zagaye. Da yara suka watse, Illo ya kwashe teburin yankansa daga shago ya kafa a ɗakin yaran, ya shimfiɗa dogo a kai. Ya yi tuddai da ƙyallaye da sitaci, ya yi kogi da guntun shadda shuɗiya, ya yi bishiyoyi da soso, ya gina tasha da kwalin sukari ya rubuta mata Tondibia, ƙauyen da jirgi bai taɓa bi ba. Wanda duk ya kira abin nan wasan yara, ba ya sake shan shayi a gidan.

Oumarou ne ya kawo rikicin. Bazabarme ne haifaffen Yamai, mai gyaran rediyo da salula, shagonsa na manne da tsohon shagon Illo. A cikin wasu kayan gwanjo da aka sauke daga Turai ya tsinci kan jirgi ja, sabo fil, da akwatinsa mai madannai kamar salula, da littafin bayani cikin wani harshe da ba Faransanci ba. Ya ɗauro su a bayan babur ya kawo.

"Wanga nimerik ne, Baba Illo," in ji shi. "Naka na da, analojik."

"Nawa dai jirgi ne."

"Awo, jirgi ne. Amma saurara. Naka kura yake ji, wutar da ke bisa dogo. Ka murɗa ka ƙara, ya ruga. Ka rage, ya lafa. Ka kashe, ya tsaya. Kamar kekenka na ɗinki."

"To ƙaƙa jirgi zai yi in ba haka ba?"

"Wanga suna gare shi. Kura na bisa dogo kullum, cike, ko shina tahiya ko shina tsaye. Amma ba ya motsi sai ka kira lambarshi a akwati. Lamba uku."

"Wa ya raɗa mishi?"

"Can inda anka ƙera shi. Duka da uku suke zuwa."

"Duka? To in biyu gare ni, na kira uku?"

"Duka su taso."

Illo ya juya maganar a ransa. Wuta tana nan amma jirgi na tsaye. Kowa da sunansa amma sunan ɗaya ne. Ya dubi Oumarou ya ce lallai wanda ya ƙera abin nan Bazabarme ne. Oumarou ya yi dariya, ya durƙusa ƙarƙashin tebur da wayoyinsa, ya kafa wani makunni mai hannu ɗaya. In an tura hagu, tsohon taransifo ne ke ba dogo wuta. In an tura dama, sabon akwati ne. Ya ce kada a kuskura a haɗa su biyun a kan dogo lokaci guda, kuma kafin a tura dama a ɗauke Ɗan Baƙi. Wannan da ƙarfi ya faɗa, yana nuni da hannu, don haka ya shiga kunnen Illo.

Sabon jirgin, da Illo ya raɗa wa Ɗan Ja, abin kallo ne, ba a ƙi gaskiya. Fitilarsa na kunnuwa ko yana tsaye, yana gurnani irin na babbar mota har Illo na jin sa a tafin hannu in ya dafa tebur, yana tashi a hankali kamar mai ɗauke da kaya. Aibinsa ɗaya, madannin usur ba ya aiki. Illo ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya danna ya kai sau ashirin, sai ga Kadi a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Malam! Don Allah ka bar busa abin ga! Kaina zai tsage!"

Ya dube ta, ya dubi madannin. Ya ce a ransa, to, yanzu kuma har da ƙage.

Makunnin nan ya zame masa ciwon kai. In ya tura hagu ya ɗora su biyun, sai su tashi tare kamar an koro su, Ɗan Ja ya zama bebe, kuma ba dama ka tsayar da ɗaya ka bar ɗaya. In ya tura dama, Ɗan Ja ya dawo hayyacinsa, amma sai an ɗauke Ɗan Baƙi. Zuciya kuwa tana son sabon abu. Yau dama, gobe dama, har aka yi sati uku Ɗan Baƙi na zaune a kan taga. Wata safiya Illo ya shigo ya tarar an lulluɓe shi da wani tsohon ɗankwali saboda ƙura. Kadi na share ɗakin. Ta dubi tagar, ta dube shi, leɓɓanta suka motsa, ta fita da tsintsiyarta.

Gunaguni take yi, in ji Illo a ransa, kuma tana da gaskiya. Kunya ta kama shi. Matar nan ta fasa sayen murhu ta sayo masa jirgin nan, ga shi ya ajiye shi a taga kamar tsohon takalmi. Wataƙila ma irin wannan halin nasa ne ya sa ta janye sunan tun farko. Nan take ya ƙudura cewa sai jiragen nan biyu sun yi tafiya tare a dogo ɗaya, kowa da gudunsa, Ɗan Baƙi a gaba, kuma sai Kadi ta gani da idonta.

Da hantsi ya kira Oumarou. Ya buɗe muryar salular har ƙarshe kamar yadda ya saba, don a cewarsa salulolin yanzu ba su da murya. Kadi na tsakar gida tana tsinke zogale, ba abin da ya wuce ta.

"Sai mu sa mishi pus," in ji Oumarou. Ƙarar janareto na tashi a bayansa. "Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar gujiya. In buɗe cikinshi in liƙa, shi ma ya samu lamba."

"Ba mai buɗe cikin Ɗan Baƙi."

"To akwai wata dubara, amma ba ni son ta. Ka tura dama, ka ɗora shi, ka kira zero."

"In kira mi?"

"Zero! Sifili!"

"Sifili lamba ce? Sifili ai babu ke nan."

"Shi da bai da suna, ita ce sunanshi. Akwatin ga ya yarda da guda ɗaya marar suna."

Ran Illo ya ɗan sosu. Jirgin da ya shekara talatin da ɗaya yana aiki, a ce sunansa babu, baƙon jiya kuma shi ne uku. Yana cikin wannan tunanin Oumarou ya ƙara magana, kuma abin da ya faɗa, da bakinsa na mutumin da ya koyi Hausa a kasuwa wurin Adarawa, shi ne: "Amma Baba, kak ka bar shi tsaye bisa dogo. Ka ji? Kak ka bar shi tsaye."

Abin da ya isa kunnen Illo kuwa shi ne, "Ka, ka bar shi tsaye." Sau biyu ma. Ya ce a ransa yaron nan in'ina ta fara kama shi. "To, to, na ji," ya ce, ya kashe.

Kuma maganar ta zauna masa daidai, abin haushin ke nan. Sabon yadi ai sai an jiƙa shi ya sha ruwa kafin a sa masa almakashi. Salula ma sai an bar ta a jikin wuta ta ƙoshi. To tsohon jirgi da bai saba da sabuwar wuta ba, dole a bar shi tsaye ya sha ta a hankali har jikinsa ya karɓa. Har ya yaba wa Oumarou a zuci, ya ce ashe dai yana da kai.

Ya cire ɗankwalin, ya hure ƙurar, ya tura makunni dama, ya ɗora Ɗan Baƙi a gaban Ɗan Ja. Ya danna sifili ya ba shi gaba. Ɗan Baƙi ya yi wata 'yar karkarwa, sai ya taho da baya. Illo ya tsayar da shi ya kira uku don ya matsar da Ɗan Ja, ya manta bai danna ukun da kyau ba, sai Ɗan Baƙi ya sake zabura. Ya ɗaga shi ya juya hancinsa, ya ajiye, ya ba shi gaba, ya ci gaba da bin hanyar da yake bi ɗazu, don shi tsohon jirgi ba ruwansa da inda hancinsa ke kallo, dogo yake bi. Ya ɗaga Ɗan Ja ya juya shi, shi kuwa nan da nan ya bi hancinsa. To yanzu ga su sun rabu, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, kuma dogon zagaye ne. Illo na kallon akwati yana neman wanda yake riƙe da shi a cikinsu, sifili ne ko uku, sai ya hango su sun ɓullo a kan gadar shadda suna fuskantar juna. Ya jefar da akwatin ya cafke Ɗan Ja da hannu, gwiwarsa ta rushe tudu guda.

Ya zauna yana haki. "Gaba" a wurin wannan daban, a wurin wancan daban, alhali madanni ɗaya ne. Ya ɗauko allin tela ya zana kibiya a gefen tebur, ya rubuta sifili a gindinta, ya zana wata ya rubuta uku. Ya goge ya sake. A gwaji na biyar, ko na shida, abin ya yiwu. Ɗan Baƙi na gaba da taragansa uku, Ɗan Ja na biye da fitila a kunne, kowa da gudunsa. Ya rage wa Ɗan Ja, Ɗan Baƙi bai kula ba. Daɗi ya kama shi har ya manta da girma.

"Kadi! Kadi, taho ki gani!"

Ta zo tana goge hannu a zani. Ta ga Ɗan Baƙi ya ratsa gada ya nufo tasha, fuskarta ta saki, har ta fara murmushi. Illo ya rage gudu a hankali ya tsayar da shi cak a gaban kwalin da aka rubuta Tondibia, ya juyo yana jiran abin da za ta ce. Sai ya ga ta yamutsa fuska ta toshe kunne ɗaya.

"Mi ke kuka haka?"

"Wane kuka?"

"Shi! Ɗan Baƙi! Kamar sauro ya shiga kwalba!"

Illo ya sunkuya ya kai kunnensa dab da jirgin. Shiru kamar maƙabarta. Ya juya ɗaya kunnen. Shiru.

"Ba abin da ke kuka. Wuta yake sha."

"Malam, ɗauke shi! Oumarou ya ce kar ka bar shi tsaye!"

"Ya ce in bar shi tsaye."

"Kar ya ce! Ina tsakar gida na ji!"

"Da ni ya yi magana ko da ke?"

"To kira shi!"

Ya kira, don ya kunyata ta. Salular ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, Oumarou ya bar ta a shago ya tafi alwala. Illo ya tsaya da tasa salular a hannu, kansa ya ɗaure. Ita ta ce kar, shi ya ji ka. Ita tana jin kuka, shi ba ya ji. Rannan ma ta ce yana busa usur alhali madannin a mace yake. Ko dai matar nan wani abu ya fara taɓa ta ne? Ko kuwa so take ta ɓata masa ranar? Akwai amsa ta uku, tana tsaye a gabansa ƙiri-ƙiri, amma ya ƙi duban inda take. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya yi duk wahalar nan don ita, ya rushe tudu, ya kira ta da murna, kuma abin da ya samu shi ne tsawa.

Kadi ta miƙa hannu za ta ɗauke jirgin. Ya tare.

"Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa shi. Yau za ki koya mini?"

Ta janye hannunta. Ya ga leɓɓanta sun sake motsawa, ta fita. Da ya ga maƙwabcinsa ya wuce da buta ya san azahar ta yi, sai ya bar Ɗan Baƙi a tashar Tondibia yana shan wutarsa, ya ja ƙofa, ya murɗa makulli, ya jefa a aljihu. Wannan makullin shi ne abin da ya fi yin nadama a kai daga baya.

Ana cikin zafin watan Afrilu ne, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka siminti. Ya yi salla, ya tsaya gaisawa, wani ya riƙe shi da labarin ɗinkin da aka ɓata masa. Da ya dawo, ya tarar da Kadi tsaye a rana a jikin tagar ɗakin, ta manna kunne a ƙarfen. Ba ta ci abinci ba.

"Kukan ya sake!" ta ce. "Buɗe, don girman Allah!"

Ya buɗe yana ƙunƙuni. Ɗan Baƙi na nan inda ya bar shi. Kuma daga jikinsa, wani siririn hayaƙi fari yana tashi, yana lanƙwasa a saman tashar Tondibia.

Allah ya gani, sai da Illo ya yi murna. Kan jirgin nan siffar mai gawayi gare shi, da bututunsa da komai, amma bai taɓa fitar da hayaƙi ba tun ranar da aka sayo shi. Ga shi yau yana yi, sak na Parakou. Ashe abin da Oumarou ke nufi ke nan! Ya buɗe baki zai ce mata gani ya kori ji, sai warin ya iso. Kunne ne ya tafi, hancin tela yana nan, kuma ya san warin injin keke in ya ƙone tun kafin a haifi Oumarou. Hayaƙin ma ba ta bututu yake fita ba, ta ƙarƙashi ne.

Kadi ta riga shi. Ta ture shi gefe ta fizge wayar daga bango. Ya cafki Ɗan Baƙi, ya sake shi da sauri don zafi, ya sake ɗauka da bakin riga. Gefensa ɗaya ya yi laushi ya lotsa, hoton yatsan Illo ya zauna a jiki.

Bayan la'asar Oumarou ya zo a kan babur. Yanzu kam ba wanda ya hana shi buɗe cikin. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya ɗaga murfin, ya nuna musu injin, ɗan mitsitsi, wayoyinsa na jan ƙarfe sun koma baƙi ƙirin.

"Kala suru, Baba. Sai haƙuri. Ya tahi."

"A samo wani."

"Irin wanga? A Yamai? Ko can Turai an bar ƙera shi." Ya girgiza kai. "Kura ta nimerik gaba da baya take yi, da sauri, ba ta hutawa. In shina tahiya, da sauƙi. In ya tsaya, tana ja tana turawa a wuri guda har ya dahu. Shi ne kukan. Ai don haka na ce kak ka bar shi tsaye."

"Ka ce ka bar shi."

"Kak ka. Kar. Kada." Oumarou ya dubi Kadi, ta sunkuyar da kai. Ya mayar da wayar bango, ya ɗora Ɗan Ja, ya danna wani madanni yana kallon fuskar Illo. Kadi ta runtse ido. A waje akuyar maƙwabta ta amsa.

"Ka ji, Baba?"

"Wannan madannin ai a mace yake."

Oumarou ya ɗauke yatsansa, Kadi ta buɗe ido. Ya sake dannawa, ta sake runtsewa. Illo ya kalli yatsan, ya kalli idon matarsa, ya sake kallon yatsan. Sai ya nemi kujera ya zauna. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma ga wanda bai tsira ba a kwance a kan tebur da ciki a buɗe. Ladan bai rage murya ba. Rediyo lafiyarta lau. Tsoro ya kama shi, da kunya, da wani baƙin ciki mai nauyi, don jirgin ya yi ta kuka tun kafin azahar, shi kuma ya sa kunne dab da shi ya ce ba komai.

Oumarou mutum ne mai hankali, bai ƙara magana a kai ba. Ya zare mataccen injin, ya cire wani ɗan haƙori da ke riƙe ƙafafun, ya murza su da yatsa suka juya sakayau. Ya mayar da murfin, ya ɗora Ɗan Baƙi a gaban Ɗan Ja ya sarƙa su. Ya kira uku. Ɗan Ja ya yi gurnani ya tura, Ɗan Baƙi ya tafi a gaba da lotsattsen gefensa, taragai na biye.

"Yanzu ko shekara ya yi tsaye ba abin da zai same shi," in ji shi da ƙarfi. Ya ce bari ya wanke hannu, ya fita tsakar gida, ya daɗe yana wankewa.

Jiragen suka zagaya sau biyu. Illo bai ɗago ba.

"Na kashe miki jirgi," ya ce.

"Naka ne!"

"Ke kinka saye." Sannan ya yi abin da ya fi masa haɗiye allura wuya. "Ba mamaki da kinka bar kirana da sunan nan."

Ta matso ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta. "Wane suna na bari?"

"Kin sani."

"Ni na bari? Kullum da sahe in na aje kunu sai na faɗa! Yau ma na faɗa! Ɗazu da ka hana ni ɗaukar shi, da shi na roƙe ka!"

"Ban ji ba."

"Na san ba ka ji ba! Ina tsayawa ne ko Allah zai sa wata rana ka ji!"

"To mi ya hana ki ɗaga murya? Komi da tsawa kike faɗa mini."

Kadi ta dubi ƙofa, ta dubi taga. Tsohuwa mai jikoki tara, sai ga ta tana jan bakin mayafi.

"Abinci ana kiranshi da ƙarfi," ta ce. "Salla ma haka. Wanga suna ba na ihu ba ne. Maƙwabta su ji?"

Illo ya tuna yadda take ajiye kofin ta ɗan tsaya a kansa. Shekara biyu, kowace safiya, tana kira, tana jira, shi kuma yana hura kunu yana jin haushinta. Idonsa ya cika. Ya goge da bakin rigar da ya ɗauki jirgin da ita, har baƙin ya shafar masa kunci.

"Wane kunne ya hi?" ya tambaya. "Ke kin sani, ni ban sani ba."

"Na hagu."

Ya juya mata na hagu.

Ta sake leƙa ƙofa. Oumarou na can bakin famfo ya ba su baya, yana wanke hannun da ya riga ya fita tas. Ta dafa kafaɗar mijinta, ta sunkuya har mayafinta ya rufe su, ta sa bakinta a kunnen.

"Na'am!" in ji Illo.

Ya faɗa ne da muryar wanda ba ya jin kansa, har Oumarou ya saki sabulu, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.